Dagi, maciji da tsamiya: wanne ne tsafi a cikinsu?

Mai Ɗinki Ƙofar Ƙwaya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga malamai da masu sanin tarihi. Wani ya kawo mani shadda in yi mashi babbar riga, na ɗora mashi aiki har da dagi a baya. Da ya zo karɓa sai ya ce sai na warware, wai dagi alamar matsafa ce, ya gani a bidiyo irin ta 'yan ƙungiyar asiri ke sawa. Na warware, tunda kuɗinshi ne. Amma abin ya tsaya mani a rai, don da dagi da aska takwas mahaifinmu ya ciyar da mu. Da gaske akwai wani abu a ƙarƙashin zanen nan, ko kau zancen waya ne?

Abu Hafsa: Wa alaikumus salam. Mutumin nan ya fi ka gaskiya. Babu zanen da aka ƙirƙira haka kawai. Layi ya shiga layi, ba farko ba ƙarshe, ai ɗauri ne. Masu sihiri ba ƙulli suke tofawa ba? Duba Falaƙi.

Sarkin Tsokana: To Abu Hafsa yau sai ka kwance mazagin wandonka, shi ma ƙulli ne.

Mai Zaure: A bar wasa tukuna, tambaya ce ta ilimi. Baban Ummi, bismillah, fagenka ne.

Baban Ummi: Na gode Mai Zaure. Ƙanena mai ɗinki, kwantar da hankalinka. Dagi ado ne na magina da maɗinka da dukawa, yana jikin soraye da riguna da sirdi tun kafin a haifi kakanninmu. Shahararsa ta ƙaru lokacin da ya zama tambarin Jihar Arewa zamanin Sardauna, wanda ya riƙe Firimiya daga 1954 zuwa 1966. Ƙulli mai kama da shi kuma ba namu ne mu kaɗai ba: yana nan a daɓen gidajen Rumawa na dā, yana cikin coci-coci, yana cikin adon masallatai. Shi ya sa wasu ke cewa na Kirista ne, wasu na Yahudu, yanzu kuma an koma na matsafa. Kowa ya ga nashi abin tsoron a ciki.

Bari in ƙara maku wani. Dattawan zauren nan sun kashe kwabo mai huji. Me ke jikinshi? Tauraro mai tsini shida, irin wanda ke tutar Isra'ila yau. Shi ne kuma a tutar Nijeriya ta mulkin mallaka daga 1914. Gwamna Lugga na Turawan mulki da kanshi ya ce a jikin wani kofin tagulla ya gan shi, wanda aka samu lokacin da suka ci Kwantagora a 1901. Wato a gidan sarkin Musulmi aka samo shi, kuma malaman zaure sun daɗe suna zana shi da sunan hatimin Annabi Sulaiman. Da wannan kwabon aka ba da sadaka, da shi aka sayi goron ɗaurin aure. Duk tsafi aka yi kenan?

Abu Hafsa: Baba, da girmanka, daɗewar abu ba ta halatta shi. Ai gumakan mutanen Annabi Nuhu daga surar bayin Allah na gari suka faro. Wadda da Suwa'a da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra, Ibn Abbas ya ce sunayen salihai ne, aka kafa masu alama don tunawa, da zamani ya ja aka bauta masu. Alama ita ce ƙofar.

Jikan Bamaguje: Ku yi haƙuri in tsoma baki, don maganar nan a gidanmu take. Ni daga wani ƙauye nake a ƙasar Malumfashi, kakana na wajen uba ya rasu yana Bamaguje, mahaifina ne ya musulunta. Na tashi na ga tsafi da idona, ba a bidiyo ba. Kuma wallahi a gidan ban taɓa ganin zane ko ɗaya da aka ce na tsafi ne ba. Ba dagi, ba tauraro, ba gunkin da aka sassaƙa mashi ido da baki. Mutanen gari suna tsammanin in ka shiga gidan Maguzawa za ka iske mutum-mutumi a kan kujera. Babu.

Abin da ke akwai shi ne jigo, itace ne kawai a kafe a tsakar gida, a gindinshi ake yanka. Sai tsamiya a bayan gida wadda ba a sassabe ƙarƙashinta, ba a yin fitsari a wurin, yaro ba ya zuwa da tsakar rana ko da almuru. Kafin shuka a yi yanka, bayan an kai amfani gida a sake. Jinin ne na iskoki, naman mu ke cinyewa. Kakana ya yarda akwai Allah, da Allah ma yake rantsuwa wani lokaci, amma cewa yake Allah ya yi nisa, iskoki ne ke kusa, su ke kawo ciwo su ke ɗauke shi, don haka da su ake shiri.

In ma'ana kuke nema, a launi take. Ba kowace dabba ake yanka wa kowane iska ba. Kure ja yake so, jan bunsuru ko jan zakara. Baƙar Doguwa baƙar akuya. Malam Alhaji, wanda shi a wurinsu iska ne Musulmi, fari yake karɓa. In kakana ya aike ni in kamo kaza, launin da ya faɗa kaɗai ya isa babba a gidan ya san da wa ake magana.

Maman Sadik: Ikon Allah. Iska kuma Musulmi?

Jikan Bamaguje: Ƙwarai Hajiya. Ai sun kasa su gida biyu, farfaru da babbaƙu. Farfaru 'yan birni ne, Musulmi, babbaƙu na daji ne, arna. Garinsu Jangare, da sarkinsu Sulemanu, da fadawa da bayi, komai irin na mutane.

Baban Ummi: Nan ne wurin da ya kamata a tsaya a duba da kyau. Duk wanda ya taɓa kallon wasan bori, ko da daga nesa ne a gidan biki zamanin da ba a hana ba, ya san kowane iska da shigarshi. Malam Alhaji tsoho ne, farar riga da rawani, yana jan carbi yana tari. Ɗan Galadima ɗan sarauta ne mai caca da ɓarnar dukiya, ga ƙamshi ga kyauta. Barhaza Bafilatana ce da zancen nono da shanu. Sarkin Rafi na ruwa ne, hawanshi da hauka-hauka. Danko maciji ne, a ƙasa yake ja da ciki. Kuturu kuma da dungu yake zuwa yana koran ƙuda. Kowanne da kiɗanshi na garaya ko goge, da tserenshi, wato kayan da mai bori ke ajiye mashi.

To ku dubi jerin nan. Malami, ɗan sarki, Bafilatana, kuturu, har da maharbi da mahauci. Ai kasuwar garinmu ce aka kwashe aka kai lahira ta ƙarya. Hujjar da ta fi ƙarfi ma ita ce, da Turawa suka zo sai ga sababbin iskoki sun ɓullo a ƙasar Nijar wajen 1925, ana ce masu Babule, suna fareti suna sara wa juna irin na soja. Da a ce hotunan nan daga wata duniya suka sauko, me ya kai su jiran Faransa ta ci ƙasa kafin su sa kaki? Ni a ganina mutane ne ke kallon abin da ke da iko a kansu, sarauta ko ciwo ko ruwa ko bindiga, su ɗinka mashi riga su ba shi suna don su samu wanda za su roƙa.

Abu Hafsa: Wato Baba kana cewa babu aljanu?

Baban Ummi: Subhanallah, ina na faɗi haka? Sura guda ce a Alƙur'ani da sunansu. Rigar da aka sa masu nake magana, ita ɗinkin mutane ce.

Maman Sadik: Ni dai aikin asibiti na yi har na aje, kuma a nan ne na ga inda maganar nan ke cizo. Yaro ya kwana lafiya ya tashi ƙafa ta saki, sai a ce Inna ce ta sha, har sunan ciwon ya zauna a haka. Uwa ta tafi neman baƙar akuya maimakon ɗigon rigakafi. Mun sha zagi a ƙofar gidaje kafin a kai 2020 da aka ce an rabu da cutar ta daji a Nijeriya. Don haka ku masu faɗa kan zanen riga, ni abin da ke cikin kai ya fi damuna.

Malam Na-Gobarau: Assalamu alaikum. Na karanta tun daga sama. Abu Hafsa, ɗana, hadisan da ke tare da kai gaskiya ne, har in ƙara maka. A hanyar Hunaini sahabbai sababbin shiga Musulunci sun wuce wata magarya da mushirikai ke rataye makamansu don neman albarka, Zatu Anwaɗ, suka ce a sanya masu irinta. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kwatanta maganarsu da ta Bani Isra'ila da suka ce wa Annabi Musa ya sanya masu abin bauta. Tirmizi ya ruwaito. Amma lura da abin da aka hana. Ba magarya aka haramta ba, mutanen Makka sun ci gaba da shan magarya. Neman albarka a jikinta ne laifin.

Ga ɗaya gefen kuma. Safa da Marwa, zamanin jahiliyya akwai gumaka a kansu. Da Musulunci ya zo wasu sahabbai suka ji ƙyamar yin sa'ayi a wurin, sai aya ta 158 a Baƙara ta sauka cewa suna cikin alamomin Allah. Wuri ɗaya, duwatsu ɗaya, aka kawar da gunki aka bar dutsen. Sayyidina Umar ya tsaya gaban Hajarul Aswadi ya ce ya san shi dutse ne, ba ya cutarwa ba ya amfanarwa. Wannan ita ce ma'aunin. Duk abin da aka yanka wa, ko aka roƙa, ko aka ji tsoron ɓacin ransa, ya zama abin tsafi ko da allon karatu ne. Wanda ba a yi mashi ko ɗaya ba ado ne.

Sarkin Tsokana: Allah gafarta Malam, allo kuma?

Malam Na-Gobarau: Har abin da ya fi allo. Baban Ummi ya ba ku labarin Dirki.

Baban Ummi: Malam ya tuna mani. A Kano aka yi shi, yana cikin tarihin sarakunanta. Alƙur'ani ne aka naɗe da fata, aka yi ta ƙara fata a kan fata, ana yanka mashi shanu in gari ya shiga wuya, har mutane suka manta abin da ke ciki. Sarki Alwali, na ƙarshe kafin jihadi, shi ya sa aka farke shi da gatari. Littafin Allah ne a ciki fa, amma abin da ake yi mashi aikin gindin tsamiya ne. Sai ka haɗa da jinjirin wata da tauraro da muke kafawa a kan hasumiya. Ba su cikin tutar Manzon Allah, tutocinshi baƙa ce da fara. Alama ce da ta girmi Musulunci, Turkawa suka yaɗa ta, yau ba wanda ya gan ta ya tuna da wani abin bauta. Mai tsarki ya koma kayan tsafi, na jahiliyya ya hau kan masallaci.

Abu Hafsa: Ni jinjirin watan ma da za a cire da na fi so.

Malam Na-Gobarau: Wannan ra'ayi ne, akwai malaman da ke kanshi, ba zan yi maka musu ba. Amma ba ka kafirta wanda ya bari.

Badauriya: Tunda an zo nan bari in kawo tamu, don kullum ana yi mana gori da ita. Duk wanda ya zo Daura sai an kai shi Kusugu, a ba shi labarin macijin da ake kira Sarki, wanda ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya sare kanshi ya auri Daurama. Yara na zana macijin a makaranta, yana jikin kalanda. Wata abokiyar aikina ta ce mu Daurawa har yau macijin muke girmamawa. Na ce mata baiwar Allah, wanda ya kashe shi muke wa kirari, ina girmamawa a nan? Amma tsakani da Allah ni ma ina son in san me macijin ke nufi.

Baban Ummi: Ɗiyata, maciji a bakin ruwa tsohon hoto ne a ƙasashen nan namu. Inda ruwa ke da wuya, wanda ke riƙe da rijiya shi ke riƙe da gari. Masana da dama na karanta labarin a matsayin canjin zamani: kafin Bayajidda mata ke sarauta a Daura, bayanshi sarauta ta koma hannun maza ta kan Bawo. Baƙo ya zo da ƙarfe, an ce maƙeran Gaya suka ƙera mashi wuƙar, ya karya dokar da ke kan ruwa, iko ya sake hannu. Ko an yi macijin da gaske ko ba a yi ba, abin da labarin ke riƙe da shi kenan.

Abin da zai ba ki mamaki, Soninke na tsohuwar daular Gana suna da nasu macijin, Bida, shi ma a rijiya, ana ba shi budurwa duk shekara. Wani saurayi ya kashe shi don ya ceci wadda zai aura. Sai dai su a labarinsu fari ne ya biyo baya, zinariya ta ƙaura, daula ta watse. Mu an kashe maciji ruwa ya samu, su an kashe ruwa ya ɗauke. To wa zai zauna ya rubuta mani a waya cewa maciji ma'anarshi kaza ce a duk duniya?

Badauriya: Wallahi ban taɓa jin na Gana ba. Amma ruwan Kusugu da baƙi ke ɗura a gora suna tafiya da shi fa?

Malam Na-Gobarau: In tsaraba ce, ruwa ne a sha lafiya. In an ƙudurta yana ba da haihuwa ko yana kore asiri, an koma gidan jiya.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa daga Katsinar Maraɗi. Ku na can kuna magana kamar abin ya wuce. Sarautar da Ummarun Dallaje ya kora a 1807 ai nan ta zo ta zauna, da al'adunta. A nan Iya ita ce uwar 'yan bori a fada, a Tsibirin Gobir kuma Inna. Ba ɓoyayyen abu ba ne.

Baban Ummi: Gaskiyarka, kuma mu ma bai kamata mu yi kamar daga sama hasumiyar Gobarau ta Katsina ta faɗo ba. Kafin Korau ya hau sarautar Katsina Durɓawa ke mulki, kusheyinsu na nan a Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, tuddai ne manya. An tona a 1907, an sake tonawa a shekarun 1990, aka iske an binne manya da kayansu na tagulla da na ado. Wanda aka rufe da kayanshi, mutanenshi na da wani tunani game da inda za shi. Labarin da ake bayarwa kuma shi ne Korau, baƙo daga 'Yandoto, ya kada Sanau, sarkin Durɓawa, a kokawa a gindin tsamiya bayan an raba Sanau da layarshi, ya yanka shi. Takobin nan Gajere har yau yana cikin kayan sarautar Katsina. Musulunci ya shiga fada, tsamiya ba ta bar wurinta a ranar ba. Shi ya sa babban malami Magili, da ya zo ƙasar Hausa wajen 1490 da 'yan kai, da Shehu Ɗanfodiyo bayan shekara 300, duk kukansu ɗaya: masu kalmar shahada suna yanka wa itace da dutse.

Abu Hafsa: To ai ka dawo kan maganata Baba. Shehu yaƙi ya yi a kan wannan.

Malam Na-Gobarau: Ya yi. Amma ka san Shehu Laminu na Barno ya rubuto wa Muhammadu Bello yana jayayya? Ya ce in don jahilai na yin haka a gindin itace ne za a kafirta ƙasa, to a Dimyaɗ ta Masar, garin malamai, akwai itaciyar da talakawa ke yi wa irin haka, ba wanda ya ce Masar ta kafirta. Bello ya mayar da amsa, kuma shi da kanshi ya adana wasiƙun a littafinshi. Manya sun yi wannan muhawara da hujja shekara 200 da suka wuce. Dukkansu kuwa a kan yanka da roƙo suke magana, ban ga inda suka tsaya kan zanen riga ba, alhali da rigunan masu aiki suke yawo.

Abu Hafsa: Na ji na dagi. Na tsamiya dai ban sauka ba, in ta tabbata ana yanka a gindinta a sare.

Jikan Bamaguje: Tamu tana nan, kawuna ya hana a taɓa, wai inuwar awaki. Jigon dai an tuge shi bayan rasuwar kaka. Amma Malam, ga wadda ta fi damuna, tunda yau an buɗe. Gidanmu muna da kan gida, ba mu cin damo. An ce kakan kakanmu ne ya yi alkawari da shi. Ina salla, na sauke Alƙur'ani, amma ko a kasuwa na ga an gasa shi sai tsigar jikina ta tashi. Da saura a tare da ni kenan?

Malam Na-Gobarau: Tambayi zuciyarka abu ɗaya: in ka ci, kana jin wani abu zai same ka? In ƙyama ce kawai, an kawo wa Manzon Allah gasasshen damo ya janye hannunshi. Khalid bin Walid ya ce haramun ne? Ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanena, shi ya sa nake jin ƙyamarshi. Khalid ya jawo ya cinye yana kallonshi. Yana cikin Buhari.

Jikan Bamaguje: Ni ƙyama ce, Allah gafarta Malam. Yayata ce dai ta ce duk wanda ya ci a gidanmu jikinshi zai yi dabbare-dabbare, har 'ya'yanta ta hana.

Malam Na-Gobarau: To ita ce ke buƙatar zama, kuma ba a zaure ba. Kada ka je mata da kalmar shirka a baki, yayarka ce. Ka same ni bayan la'asar a masallaci in nuna maka ta inda za ka faro.

Sarkin Tsokana: In an shawo kanta a kira ni, ni zan kawo damon.